Ashe Wurin 'Yar Wasa Na Kai Ƙara

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa daga maƙwabciyarki ta sama, Hajara. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da ranki ma ba kya jin Hausa, amma da ita kaɗai nake iya fitar da abin da ke cikina.

Yau kwana ashirin da rasuwarki. Hukumar Council, masu gidan, har sun canja makullin ƙofarki. Tukwanen furenki na haura da su wurina, biyu sun bushe, ki yi haƙuri. Babban labari shi ne 'yata Bilkisu ta samu gurbi a makarantar koyon wasan kwaikwayo. Ta ce ba za ta karɓa ba sai na sa mata albarka, kuma jibi Juma'a za a rufe rajista. Babanta ya zare hannunsa ya bar ni da magana. Ke kuwa kin san da hannunki a ciki dumu-dumu.

Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya a unguwar Camberwell ta Landan, ban taɓa tambayarki aikin da kika yi a ƙuruciya ba. A wurinmu ƙarami ba ya titsiye babba da tambaya. Ko sunanki ban iya kamawa ba, shi ya sa kika zama Goggo. Ni dai na yanke wa kaina cewa tsohuwar malamar makaranta ce ke, saboda yadda magana take fita tar a bakinki.

Kin tuna ranar da na sauko miki a fusace, shekara biyu da suka wuce? Ranar Bilkisu ta fara cewa wasa take son yi. Mu in yaro ya gagari uwarsa, wurin dattijon unguwa ake tura shi a yi masa faɗa, kuma ba ni da dattijuwar da ta wuce ki. Na zauna a kujerarki, ina shan shayinki, na ce miki 'yan fim ba su da tarbiyya, 'yar mutunci ba ta tallan fuskarta. Kika yi ta gyaɗa kai. Kika ce in riƙa turo miki ita duk Asabar. Na hau sama ina murna na samu mai taya ni.

Bayan an binne ki, danginki suka taru a wani zaure. Na ɗauki kular shinkafa na je ta'aziyya, na shirya fuskar makoki. Na tarar ana waƙa ana dariya, har na ɗauka na ɓata hanya. Sai ƙanwarki ta kunna majigi a bango. Ga wata budurwa mai jan gashi tana gabatar da shirin yara a talabijin ɗin ƙasarku Ireland, tana zuba wani yare da ban taɓa ji ba. Ni da nake zaton duk Bature Turanci ne yaren gidansu! Da ta ɗaga gira ɗaya na gane ki.

Ƙanwarki ta ce shekara tara kika yi kina gabatar da shirin da yarenku na Irish, sannan kika ajiye kika koma wasa. Na ga inda kika fito a muguwar mai gidan waya da ke buɗe wasiƙun mutane. Wai har a kasuwa mata suna tsare ki suna yi miki faɗa. Daga baya kika taho Landan neman manyan dandali, aka yi ta ba ki matsayin 'yar aiki mai kalma biyu, da Turanci.

Goggo, me ya sa kika bar wurin da kowa ya san ki? Da wa kike yin yarenki a nan duk shekarun nan? Ranakun da nake jiyo muryarki ta ƙasan kicin ina cewa tsufa ya sa ki surutu ke kaɗai, tsofaffin wasanninki kike bita? Kuma ranar nan da kike gyaɗa mini kai, me ke ranki? Na zagi sana'arki a cikin ɗakinki, ko ƙifta ido ba ki yi ba. Kunya ta ishe ni, kuma babu inda zan same ki in ce ki yafe mini.

Na daure na tambayi ƙanwarki ko kin taɓa faɗa musu zagin da na yi. Matar nan dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce duk Kirsimeti sai kin ɗaura tawul ɗin kicin a ka kin kwaikwayi faɗana, har da tsakin, kuma kullum kina rufewa da cewa son 'yata ne ya sa ni.

Jiya da la'asar na tsare Bilkisu, ta amsa komai. Ta ce ba ki taɓa ce mata ta saɓa mini ba. Numfashi kika koya mata da tsayuwa, kuma kika sa doka cewa rabin abin da za ta yi a gabanki da Hausa za ta yi, ko da ba kya ji. Yarinyar da sai dai in yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci! Na ce to ta nuna mini yadda kike kwaikwayona.

Ta jawo tawul ta ɗaura. Goggo, ke na gani tsaye a falona, da girar nan taki, kina yin ni. Na yi dariya har na zame daga kujera, daga nan kuka ya ƙwace mini. Ta tsaya cak tana jiran faɗa. Na jawo ta na ɗora hannu a kanta, tawul ɗin ma bai sauka ba, na ce ta je, Allah ya yi mata albarka.

Na turo miki ita ki hana ta, kin hana ni. Allah ya san alherin da kika yi mana. Ki huta lafiya.

Taki mai tsaki,
Hajara, uwar Bilkisu