Gasar da Ba Ni Zan Yi Sharhinta Ba

Talata, 13 ga Yuni

Sun yi abin da suka daɗe suna ƙus-ƙus a kai. Gasar ƙwallon kwando ta kwalejojin yankinmu ta tashi daga kwaleji takwas zuwa goma sha biyu. Mu goma sha huɗu ne fa gaba ɗaya. Gara su ce duk mai takalmi ya zo. Na faɗa a shirina na safe a rediyo cewa da gumi ake shiga gasa, ba rabon alewa ba ce. Mutum shida suka bugo waya suka ce na yi daidai. Matata Loretta ta ce biyu daga ciki ƙannena ne.

Alhamis, 29 ga Yuni

Curtis Wendling, shugaban wasanni na kwalejinmu ta Tarlow, ya zo gidan rediyo da kansa. Ina ganinsa da kofin shayi biyu na san ba lafiya ba. Ni na yi sharhin wasansa na farko yana ɗalibi, ƙafafu kamar karan masara.

Wani kamfani mai nuna wasanni ta intanet ya karɓe gasar ɗungurungum, hoto da murya. Wasannin mako-mako suna hannuna kamar kullum, amma gasar watan Maris babu rediyo. Shekara talatin da uku gidanmu ke watsa ta, kuma da bakina.

Na tambaye shi ko ya ɗaga hannun amincewa a taron da aka yanke shawarar. Ya ajiye kofinsa.

"Na ɗaga, Mista Hostetler. Rabin iyayen yaranmu ba a nan jihar Indiana suke ba. Rediyonka ba ya kai musu."

Na ce manoman da ke saurarona a cikin tarakta fa? Ya ce wa ke hawa tarakta a farkon Maris. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Juma'a, 30 ga Yuni

Ban je aski ba. Ba na son tambayoyi.

Laraba, 9 ga Agusta

Kamfanin na neman masu sharhi, Curtis ya ba da sunana bai ko tambaye ni ba. Na ce ba inda za ni. Ni za a yi wa gwaji? Loretta tana yanka tumatir, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To zauna, tsoho. Idan Maris ta zo sai ka yi wa kyanwa sharhi."

Na ɗauko shuɗiyar rigata ta fita kunya na goge.

Talata, 22 ga Agusta

Na je Indianapolis. Ɗan ƙaramin ɗaki, allo, makirufo, da wata Paige Okonski mai shirya musu shirye-shirye, 'yata ma ta girme ta. Ta kunna wani tsohon wasa ta ce in fara.

Na jera katunana masu sunayen 'yan wasa da garuruwansu. Na ajiye ɗan agogon yashina na dafa ƙwai. Ta tambaya, na ce duk sanda yashin ya ƙare sai in faɗi maki in juya shi, don wanda ya kunna rediyo yanzu-yanzu kada ya zauna cikin duhu. Haka aka koya mini.

Minti goma na yi ina zuba. Wa ke da ƙwallo, ta wane gefe, da wane hannu, saura daƙiƙa nawa. Na ji daɗin kaina sosai. Sai ta tsayar da hoton.

"Yallaɓai, duk suna ganin wannan. Makin ma ga shi can a kusurwar allo. Ka ɗan bar su su kalla."

Na sake. Na yi shiru, ina ƙirgawa a zuci. A rediyo shirun daƙiƙa huɗu na nufin tasha ta mutu, injiniya na tahowa a guje. A ta uku bakina ya ƙwace. Muka sake, ya sake ƙwacewa. Na ji kunya irin wadda na manta da ita tun ina makaranta. Ta raka ni har bakin ƙofa da ladabi, da ma ta yi mini rashin kunya in samu abin riƙewa.

Litinin, 28 ga Agusta

Saƙonsu ya zo. Layi uku. Sun gode, amma ba su ɗauke ni ba.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na daɗe ban rubuta komai ba, ba abin rubutawa. Yau aka yi wasan mako na ƙarshe, mun ci da maki huɗu, mun ƙare a na goma sha ɗaya. A tsohon tsari da yanzu yara na kwashe kayansu, kamar yadda suka yi shekara goma sha ɗaya a jere. Yanzu kuwa mun shiga.

Da na zo faɗin "Tarlow ta shiga gasa" muryata ta yi rawa. Na ce wa masu sauraro mura ce.

Shekara goma sha ɗaya ina sharhin gasar 'ya'yan wasu. Ranar da namu suka shiga, ba ni. Wannan ya yi mini ciwo, kuma ba zan faɗa wa kowa ba.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Paige ta bugo. Mai sharhinsu bai san yaranmu ba, ko zan ara musu katunana. Na ce zan duba. Suna cikin ambulan tun ɗazu, gidan waya ne dai ban kai ba.

Talata, 5 ga Maris

Wasan ƙarfe biyu na rana. Na sayi tikiti, karon farko a rayuwata, mai sayarwar ma ya rasa inda zai sa idonsa. Layi na goma sha tara, ni da Loretta da ledar gugguru. Daga can ina hango wurina a bakin fili. Wani mai laƙataye a wuya ne zaune a wurin, katunan da na aika a gabansa. Yana dubawa dai, ba laifi.

Ashe kafin hutun rabin lokaci sharhi nake ta yi ƙasa-ƙasa. Wata mata a gabana ta juyo ta ce, "Yallaɓai, don Allah." Na ba ta haƙuri. Da aka tafi hutu muka gaisa. Mahaifiyar Dorsey ce, ɗan wasanmu mai lamba ashirin da uku. Awa bakwai ta tuƙo mota daga Tennessee. Shekara huɗu ina kiran sunan garinsu a rediyo, ba ta taɓa ji ba ko sau ɗaya. Ta ce kakarsa na kallo a waya daga gida, yau tsohuwar ta fara ganinsa cikin rigar kwaleji.

Saura minti biyu aka yi kunnen doki. Daga nan ban san yadda zan rubuta ba. Ƙarar. Duk tsawon shekarun nan kunnuwana a toshe suke da lasifikar kunne, muryata kawai nake ji. Ban san haka zauren ke girgiza ba, har cikin ƙirji. Na tsinci kaina a tsaye, gugguru ya watse, ina riƙe da hannun rigar matar da ban san ta ba awa biyu da suka wuce.

An ci mu da maki uku.

A mota Loretta ta tambaye ni wa ya jefa ƙwallonmu ta ƙarshe. Ni, ban sani ba. Ta kalle ni, ta kalli titi, ta ƙyale ni.

Gobe a shirin safe za su bugo su ji ra'ayina kan mayar da gasar kwaleji goma sha biyun. Zan ce muryata ta dishe. Kuma ta dishe ɗin.