Ki Shuka Geron Bana

Zuwa ga Adawiyya, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan randar da nake mafarki,

Bayan sallama. Na gaji, Adawiyya, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa haka ban ji kunya ba. Tun da aka haɗa mu da sojojin Nijar da Chadi da Kamaru muka shiga kakkaɓe tsibiran Tafkin Chadi, takalmina bai bushe ba. Mu kori 'yan tayar da ƙayar baya daga wannan tsibiri, su ɓulla a wancan, mu sake saɓa kaya. Ƙafa tana nan cikin laka, zuciya kuwa tana Sandamu, a ƙofar ɗakinki.

Ƙanena Harisu ya gaya mini a waya cewa ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita gona, ke kuwa kin toshe rumbu, kin ce ba mai taɓa irin geronmu sai na zo na sara da hannuna. Haba, mai taurin kan nan tawa! Damina za ta jira soja?

Kin tuna shukarmu ta farko bayan aure? Ina gaba da sungumi ina sara, kina baya kina zuba iri kina rufewa da diddige, kina tsokanata wai layina ya karkace kamar sawun akuya. Wa ya gaya miki ban iya miƙe layi ba? Waige nake ta yi ina kallonki, farin watana.

Jiya mun shiga wani ƙauye da mutanensa suka gudu. A cikin wata bukka na ga damin iri a rataye, ƙwari sun mai da shi gari. Na daɗe a tsaye, har wani soja ɗan Damagaram ya dafa kafaɗata ya ce mu tafi. Ba na so rumbunmu ya zama haka.

An soke hutu sai aiki ya ƙare. Ba zan zo shuka ba, masoyiyata. Don Allah ki buɗe rumbun tun ƙasa tana da laima, ki ba Harisu sungumina. In Allah ya kai ni kaka, girbi nawa ne. In bai nufa ba, ki ci geron, ki ware irin baɗi.

In kin ga layin Harisu ya miƙe sak, kada ki yaba masa. Shi ba shi da wadda zai waiga ya kalla.

Naki ke kaɗai, har ƙasa ta rufe idona,
Misbahu