Albasar Baba a Farantin Gilashi

Malanville, farkon Nuwamba

Zuwa ga Yayata Salamatou,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar Bilki, ta fara takawa?

Yaya, gida ba lafiya. Cutar ƙunar ganye ta faɗa wa albasa a garinmu Garou, kuma kowa Baba yake nunawa, don shi kaɗai ya sayo iri daga Gaya bana. Malam Aƙilu, shugaban ƙungiyar manoma, ya ce a tuge renon albasar Baba a ƙone tun kafin a dasa. Kin san Baba, gara ka mare shi da ka ce ya cuci maƙwabci. Abinci ma sai Inna ta yi da gaske yake taɓawa.

Na roƙi a dakata. Na tsinko ganye daga kowace gona na kawo ɗakin gwajin cututtukan shuka inda nake aiki. Dankalin Turawa muke dafawa, mu haɗa ruwansa ya daskare a 'yan farantan gilashi, mu ɗora guntun ganye, funfunar da ke kawo cutar ta tsiro. In ta Baba iri ɗaya ce da tasu, ba ni da bakin kare shi.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki, Kamila

Malanville, tsakiyar Nuwamba

Yaya Salamatou,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ya hidima?

Funfuna ta tsiro a farantan, kuma duk toka-toka, kamar uwa ɗaya ta haife su. Amma dankali yakan ɓoye bambanci, don haka na sake shuka su a ruwan karas da na albasa. Malam Aƙilu kuwa ya hana wayata sakat, sai ka ce funfuna tana jin umarnin shugaba. Tsoro nake ji, Yaya, ban ɓoye miki ba.

Taki, Kamila

Malanville, ƙarshen Nuwamba

Yayata,

Da fatan kun wuni lafiya, ke da mutanen gidan duka.

A karas sun rabu gida uku. Baƙa da mai ruwan ƙasa su ne a gonakin mutane. Ta Baba ja-ja ce, kuma ba ta ko'ina sai wurinsa. Ba shi ya sa musu ba! Na yi murna har na yi hawaye. Sai na shafa kowace a lafiyayyen dashe, kamar yadda aiki ya ce, ta Baban kuwa ta riga sauran kashewa nesa ba kusa ba.

Na so in faɗi rabin farko in ja bakina. Na kasa. Gaban ƙungiya na faɗi duka biyun, Baba yana zaune. Bai dube ni ba. Da hannunsa ya tuge renon, da hannunsa ya ƙyasta ashana.

Washegari maƙwabta suka zo ba shi haƙuri, kowa da damin dashe daga nasa renon, har da Malam Aƙilu. Baba ya miƙa hannu zai karɓa, fuskarsa ta saki. Yaya, na san funfunar gonakinsu tana jikin ganyen nan. Ni na tare su a ƙofa, na ce su koma da shi.

Bana Baba ba zai dasa albasa ba, kuma har yanzu bai yi mini magana ba. Don Allah ki zo gida, ke yana jin maganarki.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki, Kamila