Gurbinka a Hoton Ƙofar Fada

Zuwa ga yayana Isuhu baduku, ɗan unguwar Birni a Damagaram, a duk inda wannan takarda ta same shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu ma a nan muna nan da sauƙi, gwargwadon yadda shekarar ta bari.

Yaya, ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ni ce Rabi, ƙanwarka. Ba wanda ya aike ni. Inna ba ta sani ba, matarka Yaya Zuwaira ma ba ta sani ba. Tun da aka rufe iyaka ba mu san inda za mu aika maka da saƙo ba, don haka na kwafi takardar nan a fallayen kayena, littafin rubutuna na lakwal, wato makarantar boko, na rarraba wa direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, a tasha, ɗaya kuma zan kai gidan radiyo. Na san mutane da yawa za su ji maganar gidanmu kafin kai ka ji. Wannan ya fi komai ba ni kunya, amma ban ga wata hanya ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na sake kama muku rana wurin Sidi mai hoto, kai da Yaya Zuwaira. Lahadin farko bayan ƙaramar Sallah, da hantsi, a ƙofar fadar Sarki, daidai inda kuka tsaya wancan karon. Ina roƙonka ka zo. In ba ka zo ba, mahaifinta Malam Habu zai tafi da ita, kuma ya ce zai fara biyawa wurin alƙali a warware auren.

Na faɗi mai nauyin tun da farko don kada wanda zai karanta maka ya gaji a hanya. Yanzu ka bar ni in yi maka bayani a hankali.

Kana tune da yadda aka yi na farkon? Bayan kakar da ba ta yi kyau ba ne, lokacin da jakunkunan fata da takalman da ka ɗinka suka yi ta kwana a rumfa ba mai tayawa. Ka yanke shawarar tafiya Kano. Ka kira ni bayan zaure, kana kallon ƙasa kamar ni ce babba, ka ce in je Zango wurin mai hoto in kama rana. Kana son hoto biyu iri ɗaya, ɗaya ka tafi da shi, ɗaya ka bari a ɗaki. Na tambaye ka me ya sa ba za ka je da kanka ba. Ka ce, “Ni in buɗe baki in ce wa ƙato ya ɗauke ni da matata? Ke ce 'yar lakwal, ku ba ku da kunya.”

Ina da ita, Yaya. Sai da na wuce shagon na dawo, na sake wucewa, kafin na iya yin sallama.

Sidi ya ce shi ba ya ɗaukar ma'aurata a gaban labulen shago. Ya ce wanda aka haifa a Damagaram, in zai tsaya da iyalinsa, a ƙofar fada zai tsaya, kuma da hantsi, lokacin da rana take haska zanen bangon ba ta shiga idon mutum. Shi ya je ya nemi izini wurin dogarai.

Ranar ka ari farar riga wurin abokinka, ka sa takalman da ka ɗinka da hannunka, masu jan zane a sama. Yaya Zuwaira ta ɗaura zanen aurenta, ta sha lalle. Cikinta bai fito sosai ba tukuna. Ba ku jera a hanya ba. Kai ka bi ta wajen masallaci, mu muka zagaya ta lungun duwatsu, kamar waɗanda ba su san juna ba.

Da kuka tsaya, tazarar da ke tsakaninku sai raƙumi ya wuce. Sidi ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku yana ta fama da ku. “Ango, matso mana, ba ta cizo.” Wani dogari daga inuwa ya ce, “Baduku, yau kai ne Sarkin? Mu faɗi gaisuwa?” Ka yi dariya. Ita ma na ga kafaɗarta tana rawa. Ka matsa har hannun rigarka ya taɓa mayafinta. Tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa ganinku kusa haka da rana tsaka ba.

Sidi ya ce kada kowa ya motsa.

Sai ga Malam Habu ya ɓullo ta kwanar masallaci da jakinsa. Daga Gaffati yake, ya shigo gari neman hatsi. Ba wanda ya san zai zo. Ni na fara ganinsa. Kai kuwa kana ganin surukinka sai ka zame takalma ka zube ƙasa kana gaisuwa, Yaya Zuwaira ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. A daidai nan na ji na'urar ta yi ƙas.

Malam Habu ya amsa gaisuwarka idonsa a kan kunnen jakinsa, ya wuce kamar bai ga komai ba. Sidi ya ce a sake. Ka ce haba, bayan wannan? Ka ɗauki takalmanka a hannu ka yi gida. Washegari kamiyo ya tafi da kai.

Ba ka taɓa ganin hoton ba, bari in faɗa maka yadda ya fito. Fadar ta yi kyau ƙwarai, kowane zane ya fito. Yaya Zuwaira tana tsaye a lulluɓe, hannunta ɗaya mai lalle kaɗai ake gani. Kai kuma wani farin abu ne kusa da ƙasa, kamar hayaƙi. Abin da ya fito sarai a ɓangarenka takalmanka ne, a jere, ba kowa a ciki.

Da farko dariya muka yi ta yi. Inna har da hawaye. Aka maƙala shi a jikin madubi.

Sau ɗaya saƙonka ya zo, sabulu da turmin atamfa, ta hannun wani ɗan kasuwa. Daga nan shiru. Damina ta zo ta wuce, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mutanen ƙauye suka cika bayan gari da bukkoki. Yanzu layin famfo ya kan kai har bakin kasuwa, mu kan bar bokiti ya kwana a layi. Jar dawar taimako muke ci. Inna ta ce tuwonta kamar an dafa tubali, amma tana ci.

An haifa maka 'ya mace. An sa mata sunan Inna, shi ya sa muke kiranta Uwani. Tana tafiya yanzu, tana da haƙora, tana da rigima irin taka. Yaya Zuwaira ba ta nuna mata so a gaban mutane, ka san 'yar fari, amma na sha leƙawa in tarar ta ɗaga ta wajen madubi tana nuna mata farin wurin nan.

Kwanakin baya maƙwabcinmu ya shanya farar rigarsa a kan katanga, iska tana kaɗa ta. Uwani ta nufe ta da gudu tana cewa Baba. Ba wanda ya yi dariya a gidan.

Tun ranar na kasa zama. A aji jikina yana kan benci, kunnena yana kan titi. Duk ƙarar kamiyo sai na ɗaga kai. Mushe, malaminmu, ya kira sunana har ya gaji, ya ce in ba ni da lafiya in faɗa. Dikte, wato shifta, da ban taɓa faɗuwa ba, na faɗi.

Na koma wurin Sidi ba tare da na gaya wa kowa ba. Ya ce yana da dabara. Yana da fim ɗin hoton da ya ɗauke ka na katin shaida, zai iya yanko kanka ya ɗora a jikin wani mai farar riga, ya haɗa da sabon hoton Yaya Zuwaira, ba mai ganewa. Na zo gida da murna na faɗa mata a bakin murhu. Ta ci gaba da juya tuwo. Can ta ce, “'Yar lakwal, na ga irin wannan a ɗakin wata a garinmu. Bayan ta fita takaba aka yi mata. Yayanki da ransa.”

Ban sake tayar da zancen ba.

Makon jiya Malam Habu ya zo. Da ƙafa ya zo, jakin ya tafi tuni. Ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Ya zauna a zaure, Inna tana daga bayan ƙofa, ni na kawo masa ruwa na durƙusa a gefe, don haka da kunnena na ji. Rijiyarsu ta ƙafe, sun cinye irin shuka, ko ruwa ya sauka ba abin da za su sa a ƙasa. Zai kwashe iyalinsa su yi kudu wurin ƙaninsa. Ya ce ba ya zargin kowa, kai yaron kirki ne, amma ba zai bar 'yarsa ta zama nauyi a kan tsohuwa ba, da aure a kanta ba miji, ba labari. Inna ta ce Zuwaira ba nauyi ba ce, 'ya ce. Ya ce ya sani, shi ya sa abin yake masa ciwo.

Ana cikin haka Uwani ta shigo da hoton a hannu. Ban san yadda ta ciro shi ba. Ta dafa gwiwar kakanta, ta ɗora yatsa a kan farin, ta gaya masa ko wane ne.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shekara da watanni muna ɓoye masa hoton nan.

Ya karɓa, ya nisanta shi da ido, ya matso da shi. Sai ya nuna can gefe, inda mu ba mu taɓa lura ba, ya ce, “Wannan ba hancin jakina ba ne?”

Shi ne, Yaya. Hancin da rabin kunne.

Ya ce, “Ashe ni na ɓata musu.” Inna ta ce a'a, ladabi ne yaron ya yi. Ya ce, “Ladabin ne ya bar jikata ba ta san fuskar ubanta ba.” Sai ya juyo gare ni, karo na farko a rayuwata da ya yi mini magana kai tsaye, ya ce, “Ke mai karatu, mai hoton nan yana nan?” Na ce yana nan. Ya ce in je in kama rana bayan Sallah. Zai jira har ranar. In an ɗauka, shi ke nan, ya bar ta a ɗakinta. In rana ta faɗi ba a ɗauka ba, kada a ga laifinsa.

Na je a guje, ko mayafi ban gyara ba. Sidi ya ce na farkon aikinsa ne bai fita ba, don haka wannan gyara ne, kada ka sa damuwar komai a ranka. Amma akwai matsala. Fim ɗinsa daga Kano yake zuwa, kuma ya daina zuwa. Ɗan abin da ya rage ya ware muku ɗaya. Zafi yana lalata shi, don haka ya sa shi a gwangwani, ya sa gwangwanin a tulu, ya binne gindin tulun a yashi mai laima. Ka san yadda ruwa yake a garin nan. Kullum in na taso daga lakwal ina biyawa da ɗan kwano in yayyafa wa yashin. Daga rabona nake ɗiba, ba daga na gida ba. Sidi yana yi mini tsiya, wai ya ga masu ban ruwan albasa, bai taɓa ganin mai ban ruwan hoto ba. Ya ce zai kai Sallah in Allah ya so, amma ba zai yi alkawarin bayan nan ba.

Yaya, ina ta tunanin abin da ya hana ka aiko da labari. Wani tunanin ba na bari ya ƙarasa. Wanda na fi riƙewa shi ne ba ka samu abin da ka je nema ba, kana jin nauyin shigowa Birni hannu sake. Na san ka. Mutumin da ya kasa shiga shagon mai hoto ya kama rana, yaya zai shigo gida ba tsaraba? In haka ne, don Allah ka ji ni. Mazan unguwarmu da suka dawo, ba wanda ya dawo da komai, kuma ba wanda aka tambaya. An shimfiɗa musu tabarma ne kawai. Abokinka ya ce farar rigar tana nan. Yaya Zuwaira ta sayar da kwanoninta na jere, amma zanen nan ta ƙi sayarwa. Ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba.

In kuma takalmanka sun mutu a hanya, ka zo haka. Takalma muna da su a hoto.

Saura abu ɗaya da Malam Habu ya ce, kuma ina ganin saƙo ne gare ka ko da bai ambaci sunanka ba. Da ya tashi tafiya, ya tsaya a bakin zaure yana neman sandarsa, ya ce wa Inna, “Ranar Lahadin ba zan shigo gari ba. Ko gobara ake a Birni, ina Gaffati. A gaya wa yaron ya tsaya da tsayinsa.”

To, na gaya maka.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya ba ka lafiya, ya buɗe maka hanya ko iyaka tana rufe. Allah ya sa takardar nan ta faɗa hannun mai tausayi da zai neme ka. Allah ya saukar mana da ruwa mai albarka, ya mayar da kowa gidansa. Allah ya nuna wa Uwani fuskarka. Amin.

In na yi rashin kunya a wani wuri, ka yafe mini, ban saba ba. Kuma ina neman izininka in sake rubutowa kafin Sallah, ko da layi biyu ne, in gaya maka ko yashin yana nan da laimarsa. In ka ga bai dace ba, ka zo ka hana ni da bakinka.

Ƙanwarka mai biyayya,
Rabi