Jan Biron Baba a Shafi na Sittin da Uku

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa a tsaye. Auta kuma ta fara aiki, yanzu ganinta sai da rabo.

Yaya, laifi na yi, kuma gara ka ji daga bakina. Ka san darasin ƙasar noma da nake koyarwa ta intanet a kwalejinmu. Littafin da na so ba ɗalibai, masu shi sun hana a saka ko babi ɗaya. Sai na tuna da rubutun marigayi Baba kan wannan fanni da ke kabad ɗin falo, wanda ya ce kada a ba kowa sai ya gama gyara shi. Ka tuna a shafi na sittin da biyu ya tsaya, ranar da muka kai shi asibiti. Na ce a raina ai kayan gida ne. Na ɗauki hoton shafukan kaf, na saka wa ɗalibai. Ban tambaye ka ba, don na san amsarka, kai da kake riƙe maganar Baba fiye da shi kansa.

Bayan sati biyu ma'aikaciyar laburare mai kula da haƙƙin mallaka ta kira ni. Muryarta a sanyaye, amma ba ta lanƙwasuwa. Ta ce rasuwar marubuci ba ta mai da rubutunsa na kowa, haƙƙin yana hannun magada, kuma sai ta ga sa hannun kowannenmu. Inna da Auta sun sa, saura kai. In wata ya ƙare babu naka za a sauke littafin, ga jarrabawa ta matso, yaran kuma da shi kaɗai suke karatu.

Da iyakarta ke nan, da waya zan buga maka. Ranar wata Talata da hantsi ina ofis, ƙofa a rufe, fuskokin ɗalibai jere a allon kwamfuta, sai wata daga cikinsu ta yi mini godiya kan gyaran da na yi a shafi na sittin da uku. Ni kuwa ban gyara komai ba. Na buɗe shafin. An zagaye wata lamba da jan biro, an rubuta daidai a gefe, a ƙasa an sa "sake duba". Zagayen bai haɗe ba, Yaya, an bar masa ɗan baki a sama, yadda Baba yake yi a littattafanmu na firamare. Ban san yadda na ƙarasa darasin ba.

Mai kula da kwamfutocinmu ya bincika, ya ce ba wanda ya taɓa littafin tun ranar da na saka shi, wataƙila ni ce ban lura ba. Na dawo gida da rana tsaka na buɗe kabad. Shafi na sittin da uku babu ko ɗigon ja. Jan biron Baba yana nan cikin kofin da ke kan teburinsa. Na gwada shi a tafin hannuna, ya bushe ƙamas.

Tun daga ranar gyaran yake tafiya, yau shafi biyu, gobe biyar, kuma duk wanda na bi diddiginsa daidai ne. Ɗalibai murna suke yi, wai ba su taɓa samun malama mai himma irina ba. Ni kuwa tsoro nake ji, ga kewar Baba ta dawo mini sabuwa. Ban gaya wa Inna ba, har yanzu takan share kujerarsa kowace safiya.

Jiya gyaran ya kai shafin ƙarshe. A nan babu zagaye, babu lamba. Layi ɗaya ne a ƙasa, da wannan rubutun nasa mai kwanciya gefe: "Kin tambayi Yayanki?"

To ga shi na tambaya. Takardar izinin tana cikin ambulan ɗin nan. In ka sa hannu, na gode. In ka ƙi, da hannuna zan sauke littafin, in nemi gafarar ɗalibai. Ka gaida mini matarka, da Gwaggo, da 'yar lelena Takwara. Inna da Auta suna gaishe ka.

Don Allah ka amsa da wuri. Ka san Baba ba ya son maimaita tambaya, ni kuma ranar Talata dole in sake buɗe littafin.

Ƙanwarka mai laifi.