Farin Gari a Gindin Butar Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da yara.

Aikin farko yau: wanke butar da ake dafa wa Inna ruwa. A gindinta na tarar da wani farin gari ya kama kamar ɓawo. Na kankare, na ɗanɗana, ba ɗaci ba zaƙi. Tun da likita ya ce Inna ta riƙa shan dafaffen ruwa, matata Maman Biyu ce ke dafawa, ba mai taɓa butar sai ita. Kin san ita da Inna sun sami saɓani kwanaki, kuma cikin Inna bai daina ciwo ba. Wataƙila sharrin zuciyata ne, amma na sa wa ɗakin girki kwaɗo. Idan ta tabbata, ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Muna lafiya, a gaida Inna da jiki.

Ka shekara arba'in har yanzu inuwarka na ba ka tsoro? Matar da take juya Inna a kan gado, take wanke mata zani, ita ce za ta sa mata guba a ruwa? Ba sabuwar rijiya kuka koma ɗiba ba? Sayi sabuwar tukunya, ka ɗebo ruwan da hannunka, ka dafa har ya ƙone, ka leƙa. Kafin nan ka kama bakinka. Magana zarar bunu ce.

Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na yi yadda kika ce. Na zauna gaban tukunyar ban ko ƙifta ba har ruwan ya ƙafe. Garin ya fito, fari fat. Ashe a narke yake cikin ruwan rijiyar, kamar yadda aka koya mana a sakandare: ruwa ya tashi tururi, abin da ya narke a ciki ya zauna. Na sake gwadawa don ban yarda da idona ba. Haka dai.

Ina cikin na biyun Maman Biyu ta shigo. Ta dubi tukunyar, ta dubi kwaɗon da ke aljihuna, ta ce, "Malam mai bincike, an kama ɓarawon?" Na ce gwaji ne kawai. Ta ce, "To, daga yau kai za ka riƙa ba Inna ruwa." Ko ƙoƙon ba ta ƙara taɓawa ba. Inna kuma ta ƙi karɓa a hannuna, sai kiran sunanta take yi.

Gobe in Allah ya kai mu:
Kai wa likita ruwan rijiyar ya duba.
Cire ƙarfen kwaɗo daga ƙofa.
Yi wa Maman Biyu magana. Na rubuta abin da zan faɗa, na yaga.

A sa ni a addu'a.
Auta