Fuskoki Talatin da Ɗaya da Ke Cikin Kwamfutar Dogo

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Ni ce mahaifiyarku, wadda ma'aikata ke kira Shugaba a gabanta, Masifa a bayan idonta. Haƙarƙarina huɗu a karye suke, hannun dama na cikin filasta, likita kuma ya daina haɗa ido da ni in yana magana, na kuwa gane abin da hakan ke nufi. Amma kaina garau yake. Tun safe na hana a yi min allurar barci, don kada gobe wani cikinku ya ce magani ne ya yi magana. Ni nake faɗa, ma'aikaciyar jinya na rubutawa, likita ne shaida, da yatsan hagu zan dangwala.

Dogo, kai ne babba, da kai zan fara. Na san ka ciro fuskoki talatin da ɗaya daga kyamarar ofis, na mutanen da suka fasa mana kamfani suka kwantar da ni a nan. Na san jira kake in cika ka gaji makullina na aika saƙo, ka haɗa da naka, ka aika da fuskokin ta manhajarmu zuwa duk wayar da ta rage mana. Kada ka ɓata lokacin neman wanda ya faɗa min. Saboda wannan aka rubuta takardar nan, sauran duk rabon tarkace ne.

Na ɗaya. Gida da mota da rabona na kamfani, kawunku ya kira masani a raba yadda addini ya tsara. Sulusi a ware wa matar marigayi mai janaretan ofishinmu da 'ya'yanta, kada kowa ya ce min uffan. Tsohuwar kwamfutata mai fasasshen murfi, wadda na fara aiki da ita a teburin kicin, ta Auta ce. Littattafaina na Lauya ne, don ita kaɗai ke buɗe su.

Na biyu. A rubuta abin da ya faru yadda ya faru, don na lura kowannenku da yadda yake ba da labarin.

Shekara tara muka yi muna gina manhajarmu Ƙararrawa. Yaro ya ɓata, an sace babur, gobara ta tashi, mu tantance mu aika wa wayoyin mutanen unguwa. Yara fiye da ɗari muka mayar hannun iyayensu. Ta kai in Ƙararrawa ta yi ƙara mutum yakan ajiye loma ya duba. Mutane suka daina tambayar ko gaskiya ne, sai dai ka ji an ce ai Ƙararrawa ce ta faɗa. Ni kuwa kaina ya kumbura, wallahi ya kumbura, ina ta maimaita wannan magana a wajen taro ana tafa min.

Muna da wata ɗabi'a a ofis, ni na kafa ta. Ban taɓa yarda da manhajar gwaji ba, cewa nake ƙarya take yi mana. Duk sabon abu sai an gwada shi a kan ta gaske, a aika wa wayoyin ofis guda tara kawai. Kuma ba ma ɗauko hotunan intanet, da fuskokinmu muke wasa. An taɓa aika hotona wai ana nemana da laifin cinye biskit ɗin baƙi. An aika na Dogo da laifin minshari a taro. Mu sha dariya, mu goge.

Ran nan muna gwada sabon sashe na satar yara, wanda ke sa waya ƙara ko an rufe mata baki. Sai ga mai janareta ya shigo shan ruwa, hannu duk baƙin mai, bawan Allahn da ya shekara shida yana tayar mana da wuta. Ni na ce ya tsaya a ɗauke shi, yau shi ne ɓarawonmu. Ya gyara kwala yana dariya, ya ce a ɗauko gefen da ya fi kyau. Ni na faɗi kalmomin, Auta ta rubuta: ana neman wannan mutum da satar yara. Gurbi biyu ne a allon, na ofis da na kowa, ɗaya a saman ɗaya. Ina tsaye a kanta ina mata tsawa ta yi sauri baƙi na jirana. Ta danna na kowa.

Waya dubu ɗari da arba'in. Minti tara muka yi kafin mu janye saƙon. Shi kuwa ya riga ya fita kasuwa sayo mana fulogin janareta.

Na kalli bidiyon da aka ɗauka a kasuwar har ƙarshe, na tilasta wa kaina. Wani ya dubi wayarsa, ya dubi fuskarsa, ya kwarma ihu. Gora ta fara sauka a ƙeyarsa. Ya faɗi, ya tashi, aka sake kai shi ƙasa da bulo. Yana ɗaga fulogin sama, baki cike da jini, yana kiran sunan kamfaninmu, yana roƙon a kira mu mu shaide shi. Duk sanda ya ambaci Ƙararrawa sai dukan ya ƙaru, don a ganinsu ya amsa laifi ke nan. Suka karya masa ƙafafu don kada ya gudu. Aka kawo taya, aka kawo fetur. Ana jin wayoyinsu a cikin bidiyon suna ƙara da saƙonmu na biyu mai cewa kuskure ne, ba wanda ya duba, hannuwansu na kan aiki. Yardar da na shekara tara ina tutiya da ita, ita ce ta ƙona shi da rana tsaka.

Na uku. Lauya, 'yata, ki yafe min. Ran nan kin ce mu fito mu faɗi gaskiya, na buga tebur na ce in ba za ki rubuta abin da na ce ba ki tattara ki bar min ofis. Kika rubuta cewa masu kutse ne suka shiga manhajarmu. Sunan kamfani nake karewa, mutum na kwance ba a ma iya gane fuskarsa ba. Tir da ni.

Ƙaryar kwana goma sha ɗaya ta yi. Wani ma'aikacinmu ya fitar da hoton allon, kuma ban ga laifinsa ba, kada wanda ya neme shi. Daga nan kun ga yadda mutane ke juyawa. Waɗanda suka ba mu taurari biyar suka koma suna tsine mana. Makarantu suka cire manhajarmu ta bin motar yara, masu kantin magani suka goge tasu, alhali waɗannan ba su kashe kowa ba, sunanmu kawai ke jikinsu. Aka ce muna sayar da hotunan yara. Aka ce wayar da ke da Ƙararrawa tana sauraren miji da mata. Da muka faɗi gaskiya cewa wannan sharri ne, wa zai yarda da mu? Ma'aikatanmu suka koma juya rigar kamfani ciki waje kafin su hau mota. A lokacin ne muka yi dabarar makulli biyu, nawa da na Dogo, saƙo ba ya fita sai an soka duka biyun. Dabarar awa ɗaya ce, da na yi ta tun farko da mutumin nan yana gidansa.

Don haka, Lauya, ki rubuta sanarwa ta gaskiya. Kada in ji kalmar kuskuren na'ura, na'ura ba ta yi komai ba. Ki sa sunana, ki ce ni na kafa ɗabi'ar, ni na zaɓi mutumin, ni na faɗi kalmomin, ni na ba da umarnin ƙarya. Ki ce mai janareta bai taɓa satar ko allura ba. In wannan sanarwar ta kashe kamfanin, ya mutu. Ku sallami ma'aikata da mutunci, ku rubuta wa kowa takardar shaida mai kyau.

Na huɗu. Ranar da suka zo fasa kamfani, ƙarfe sha ɗaya na safe ne, kuna banki kai Dogo da Lauya, don haka bari in faɗa muku da bakina. Da duwatsu suka fara, gilashin gaba ya zube gaba ɗaya. Suka ɓalle ƙofa, suka fasa wa mai gadi kai da ƙotar fartanya, suka hau sama suna jefo kwamfutoci ta taga. Na tura Auta da sauran ta ƙofar baya, ni na tsaya a kan matakala ina zaton zan yi musu magana su ji, ni da na saba in yi tsawa a yi tsit. Ban gama buɗe baki ba aka shaƙo mayafina. Na ji rodi a gefena, na ji ƙashina ya amsa. Suka bi ta kaina da takalma, wani yana taka min hannu yana juyawa. Sai warin fetur, sai hayaƙi. Na ga wanda ya sauke min rodin, na kuma san shi, amma da sunansa zan tafi.

Abin da ya fi rodin ciwo shi ne abin da ka yi a farfajiyar asibitin nan, Dogo. Ka shaƙe ƙanwarka ka haɗa kanta da bango, ka fasa mata leɓe, kana ce mata ta kashe mutum ta kashe uwarta. Ina jin ka ta taga, ba ni da ƙarfin tashi, da na tashi da ka gane kurenka. Yarinyar nan yatsa kawai ta sa, ni ce a kanta. Rabonta da abincin kirki tun ranar, ko waya ba ta iya taɓawa. Ka je ka durƙusa ka ba ta haƙuri, ba ta saƙo ba, ido da ido. Auta, ke kuma ki ci abinci, umarni ne.

Na biyar, makullina. Ba ya cikin jakata, ba ya ƙarƙashin filo, kada ka wahalar da ma'aikatan jinya. Jiya na aiki kawunku ya ɗauko min matar mai janareta. Ta zo, ta ƙi zama. Na faɗa mata komai tana tsaye, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba don ban ga fuskar roƙo ba. Na damƙa mata makullin a hannunta a gaban likita. Daga yau ba saƙon da zai fita daga Ƙararrawa sai da yardarta. Na farko shi ne na wanke mijinta. In kana son aika fuskokinka, je ka same ta a ɗakinta, ka dubi marayunta uku, ka ce mata kana so a yi wa mutum talatin da ɗaya abin da aka yi wa mijinta.

Na san ka, kanka na ja, za ka iya zagaye makullin cikin mako guda, ko ka watsa hotunan ta wata hanya. Shi ya sa zan faɗa maka wannan. An nuna min jerin naka a waya. Na farko a ciki, mai jar riga, wanda kyamara ta ɗauka yana sunkuye a kaina hannuwansa duk jinina, wanda ka rubuta a ƙarƙashin hotonsa cewa shi ne ya kashe ni. Ɗan nan, wannan mutumin shi ya shiga cikin hayaƙi ya ciccibe ni. Shi ya goya ni ya sauko da ni ana jifansa, ya tare mota ya sa ni a ciki, yana ce min Mama ki riƙe numfashinki kada ki saki. Ban san sunansa ba, wucewa yake yi. Kwana shidan nan da na samu ina ganinku, shi ya ba ni su da ikon Allah. Da ka samu makullina, da kafin a gama yi min wanka an rataya masa taya.

Ka kai bidiyon kyamarar ofis ga hukuma yadda yake, ba yanka ba rubutu. Abin da ke cikin kwamfutarka ka goge shi, Lauya da Auta na tsaye suna kallo. In ka aika ko da fuska ɗaya, ban yafe maka nonon da ka sha ba. In ka goge, na yafe maka duniya da lahira, har da abin da ban sani ba.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su faɗa muku gaskiya ku kuma ji, ba irin jin da na yi wa Lauya ba. Allah ya jiƙan mai janareta, ya raya abin da ya bari, ya sassauta min tsayuwa a gabansa. Gari ya tsane mu, zai kuma daɗe yana tsanarmu, saboda haka ba ku da kowa sai juna. Kada ku raba tukunya, kada ku bar Auta ita kaɗai a ɗaki. Likita ya ce watakila in ga gobe. In kun gama gogewa ku zo min ku uku tare, kada wani ya riga wani shigowa.

Mahaifiyarku.